Takalman Ƙanena a Ƙafar Kawu

Shekarar da likita ya ce jinina ya hau, in rage gishiri in riƙa motsa jiki, ita ce shekarar da na shiga cikin 'yan gudun asuba na Bodinga. Ina koyarwa a firamare lokacin, har yanzu ma ita nake yi. Ba sha'awa ta kai ni ba, tsoro ne, don na ga yadda hawan jini ya kwantar da hedimastanmu, rabin jikinsa ya daina jin magana.

Ba mu da yawa. Ma'aikatan ƙaramar hukuma ne suka fi yawa, sai malaman makaranta, sai wani dillalin albasa da tumbinsa ke riga shi shiga ƙofa. Mukan haɗu bayan an sallame asuba a bakin titi, wajen mai shayi, mu nufi hanyar Shagari. Shugabanmu kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, ma'aikacin ofis, wanda kowa ke kira Koci. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya zaɓi launin riga. Yana da takalman gudu kore shar, da agogon da ke ƙirga taku, da usur da yake ratayawa a wuya kamar alƙalin ƙwallo.

Ga yadda gudun yake, ni da na yi shi. Kawu zai busa usur, mu zabura da ƙarfi, muna dukan kwalta, har mu wuce gidan mai na ƙarshe inda idanun gari suka ƙare. Daga nan sai tafiya. Daga tafiya sai wani ya ce fitsari ya matse shi, sai kowa ya tsaya jiransa, wai ba a barin ɗan'uwa a baya. Mu ɗan taɓa hirar albashi da farashin taki, mu juyo. Idan mun hango gidan man nan, sai Kawu ya sake busa usur, mu shigo gari a guje muna haki. Wasu har ruwan leda suke fasawa a ka don a ce gumi ne. Sai a zube a bencin mai shayi, a sha mai kauri da burodi da ƙwai, a mayar wa ciki abin da bai ma rasa ba.

Wannan duk da sauƙi. Da a nan abin ya tsaya, da ban taɓa ɗaukar alƙalami a kansa ba. Abin da ya fara tayar mini da zuciya shi ne hirar bencin. Na lura duk wani gagarumin gudu da aka taɓa yi a ƙungiyar nan, an yi shi ne a ranar da ba kowa.

"Ranar Lahadi da kunka ƙi hitowa," in ji Kawu, yana kaɗa shayi, "ni ɗai nit tahi. Na bar nan ana sallame asuba, na taɓa allon shiga Shagari da hannuna, na juyo. Na iske wanga bawan Allah bai gama wanke kohuna ba."

Mai shayi, da ke neman ciniki, ya ce, "Haka anka yi, Koci."

Benci ya ɗauka: "Madalla! Kai, Koci sai Allah!"

Shagari fa! Garin da motar haya ma sai ta yi nishi kafin ta kai. To daga nan sai kowa ya buɗe nasa buhun. Wannan ya ce ya wuce mai keke a kan tudu. Wancan ya ce kare ya biyo shi har karen ya gaji ya kwanta. Idan wani ya ce ya yi wata tafiya a minti arba'in, na kusa da shi zai ce shi kam talatin da biyar, kuma da ciwon gwiwa. Ana ta ragi kamar cinikin albasa da yamma. Ba wanda ya yarda da wani, ba kuma wanda zai ce uffan, don kowa na jiran a ce masa madalla idan nasa layin ya zo.

Da aka zo da manhajar waya mai auna gudu, na yi murna, na ce ƙarya ta ƙare. Ashe gata aka yi mata. Mutum zai kunna wayar, ya shiga Keke Napep, ya sauka a bayan gari, ya turo mana hoton taswira a zauren waya. Dillalin albasar nan wata rana ya manta bai kashe tasa ba har ya shiga motar Sakkwato. Ya turo, ko kunya babu. Aka yi ta tura masa hoton tafi.

Ni bakina ba ya iya riƙe abu. Wata safiya Kawu ya sake rage lokacin zuwansa Shagari, na ce, "Haba Kawu, to ai gara ka riƙa ɗaukar fasinja." Ba wanda ya yi dariya. Kafin azahar maganar ta kai Mandera, ƙauyenmu, inda iyayena suke. Mahaifiyata ta kira ni a waya.

"Kai ad da bakin ƙaryata ƙanena cikin mutane? Karatun da kay yi ke nan?"

Na ba ta haƙuri. Na je na ba Kawu haƙuri, ya ce ba komai, yaro ne, hassada ce ta waɗanda ƙafarsu ba ta kai ba. Daga ranar na daina fita da su. Na koma zagaya filin makaranta ni kaɗai, kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Ina da ƙane guda, wanda yake bi na. Shi bai yi nisa a boko ba, ya zauna gida Mandera yana noma da Baba. Ya yi aure, matarsa ta haihu, yana da ƙarfi kamar me. Mutum ne mai saurin yarda, idan ka ce masa an ga kifi a kan bishiya zai tambaye ka wace bishiya. Kawu kuwa a wajensa ba mutum ba ne, abin kallo ne. Duk hoton da Kawu ya saka sai ya nuna wa abokansa a majalisa. Da ya sayar da albasarsa ta rani, sai ya je har Sakkwato ya sayo takalman gudu shuɗaye, sababbi fil. Ya bar su a kwalinsu, ya naɗe da leda, ya ɗora a kan akwatin matarsa. Wai idan an gama aikin damina zai riƙa zuwa Bodinga ranar Lahadi, Kawu ya koya masa.

Na ce masa, "Kai, duk abin nan zuƙi ta malle ce. Ni na yi gudu da su."

Ya yi dariya har yana dukan cinya. "Yaya, kai dai ka ce ka kasa."

A daminar ce Baba ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu, a gonarmu ta fadama, wadda ke can bayan Mandera, tsallaken wata ƙorama. Gero ya yi tsawo, ciyawa ta ci ƙarfin Baba da ƙanena. Na zo daga Bodinga tun jajibiri. An kwana ana ruwa, hanyar gonar ta zama taɓo, ƙorama ta kawo. Ba babur ɗin da zai shiga, don haka kowa ya bar nasa a gari, muka taka da ƙafa. A gonar nan kuwa waya ba ta kamawa, ko ka hau bishiya.

Muna shirin fita sai ga Kawu, cikin rigar gudu da koren takalminsa da usur. Ya ce daga Bodinga yake a guje, ya ce bari ya biyo ya gai da yayarsa. Rigar a bushe take ƙayau, har da ƙanshin turare. Mahaifiyata ta rasa inda za ta sa shi don murna. Ya biyo mu gona, ba don ya riƙe fartanya ba, wai don ya ƙara wa ƙafa nisa. Da muka isa ya samu gindin wata bishiya ya zauna kusa da ƙwaryar fura, yana ba samari labarin yadda ake numfashi ta hanci.

Hantsi ya ɗaga, aiki ya yi daɗi, sai muka ji ƙanena ya ƙwalla salati. Ya sa ƙafa zai ture wani tarin ciyawa, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Samari suka kashe ta nan take, amma ta riga ta yi abin da za ta yi. Muka kwantar da shi a inuwa. Kowa a wurin ya san abu biyu: wanda maciji ya sara ba a barinsa ya taka, kuma maganin kububuwa yana asibiti, ba ya gona. Abin da ake bukata shi ne mutum ɗaya ya ruga Mandera, ya turo amalanken shanu da zai iya ratsa taɓon, ya sa mota ta jira a bakin titi. Ga samari nan tsaye birjik, waɗanda suka saba bin akuya a guje har su kama ta. Biyu har sun ajiye fartanya.

Sai Kawu ya miƙe.

"Kowa shi tsaya! Wanga aikina ne. Malam," ya ce da Baba, "kahin ku gama shimhiɗa mai tabarma na kai gari."

Ya durƙusa ya ƙara ɗaure igiyar takalmi. Ya danna agogonsa. Wallahi har usur ya busa, shi kaɗai, ba wanda yake yi wa. Ya zabura, taɓo na fallatsa, gero ya rufe shi.

Na san wannan zaburar. Ita ce ta nan zuwa gidan mai. Na matsa kusa da Baba na ce a hankali, "Baba, a sa samari biyu su bi shi."

Baba ya dube ni kamar na zagi wani. "Mutum da girmanai ya ɗauki aike da kainai, sa'annan in sa yara su bi shi? Ƙanen uwarku ne hwa. Mi kake son a ce?"

"Baba, wallahi ba ya iya..."

"Ka taɓa kunyata shi sau guda, ta isa. Zamna ka riƙe kan ƙanenka."

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce wannan wane irin hauka ne. A wajenmu idan babba ya ce shi zai kai saƙo, ka tura wani a bayansa, to ka ce masa maƙaryaci ne a gaban jama'a, kuma abin zai bi zuri'a. Baba bai taɓa ganin Kawu yana gudu ba. Abin da ya sani shi ne duk Bodinga ta shaida mutumin nan yana zuwa Shagari ya dawo kafin a wanke kofuna. Samarin ma suka koma suka tsuguna, hankalinsu kwance, an tura gwani.

Na zauna na ɗora kan ƙanena a cinyata. Ƙafar ta fara hawa, tun daga idon sawu har ƙwauri, tana sheƙi. Yana cije baki, yana gumi, amma shi ne ma yake ba ni baki. "Kada ka damu, Yaya. Yanzu haka Kawu shina gari. Shanun ne ba su da sauri." Inuwar bishiyar ta tattare ta dawo gindinta. Muka yi ta kallon bakin hanya. Duk motsin ganye sai wani ya ce ga su nan. Aka yi azahar a gefen gona, ba amalanke, ba Kawu. Da ƙanena ya tofar da yawu na ga jini a ciki, sai na daina neman izinin kowa. Na ce wa samari su saro sanduna biyu. Muka zura su a buhunan taki, muka ɗora shi. Baba bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya ɗauki takalman ƙanena na roba ya biyo mu a baya.

Mu huɗu muke ɗauke da shi, ina gaba ta hannun dama. Taɓo na kama ƙafa, kowa idonsa na ƙasa. Ba mu yi nisa ba, ko ƙoramar ba mu kai ba, na ga amai a gefen hanya, fura ce zalla. Na ɗaga kai. A cikin geron wani, 'yan taku kaɗan daga hanya, na hango kore shar. Kawu ne a tsugune, ya dafe kunyar gero da hannu ɗaya, ya sunkuyar da kai kamar mai kashi. Ya ji tahowarmu ne ya shige. Muka haɗa ido. Ya ƙara duƙawa, usur ɗin na lilo a wuyansa.

Ban tsaya ba, sanda na kan kafaɗata, ƙanena na nishi a bayana. Amma abin da na gani a cikin geron nan har gobe yana damuna. Ba kasawar ce ta dame ni ba. Kowa na iya kasawa, ni ma da na ruga da a nan zan zube. Amma daga inda ya tsuguna zuwa gonarmu, da ya sa usur ɗin nan a baki ya busa sau ɗaya, da mun ji. Da ya rarrafo ya dawo ya ce jijiya ta riƙe shi, da tun hantsi samari sun kai gari. Ya zauna a wurin tun safe har bayan azahar, yana jin yadda rana ke tafiya, ya san ɗan yayarsa na kwance da dafi a jiki, ya zaɓi kada a ce Koci ya kasa. Tir!

A Mandera ba wanda ya san abin da ake ciki. Muka samu mota, muka kai shi Shagari, aka yi masa abin da za a iya, aka ce mu wuce Sakkwato. Can likita ya tambayi lokacin da aka yi saran. Da na faɗa masa, ya dubi agogon bango, ya dubi ƙafar.

Washegari da safe sai ga Kawu a asibiti, cikin farar shadda, da ledar lemo da ayaba, yana ɗan ɗingishi. 'Yan'uwa sun cika baranda. Ya zauna ya ba da labari. Wai ya kai Mandera cikin minti ashirin, agogonsa ya shaida. Ya iske kowa ya tafi gona, ba amalanke ko ɗaya. Bai tsaya ba ya miƙe har bakin titi, ba mota, ya ci gaba a guje har Shagari. Kafin ya samo mota ya dawo, an ce mun wuce. Mutanen Mandera kuwa da gaske ranar duk suna gona, ba mai cewa bai gan shi ba. Mahaifiyata ta fashe da kuka tana sa masa albarka. Baranda ta ɗauka, "Madalla, Koci. Allah shi saka." Irin madallar bencin mai shayi, ba bambanci ko kaɗan. Na tashi na fita waje don kada in yi abin da za a daɗe ana faɗi.

Ran ƙanena ya tsira, ƙafar ce ba ta tsira ba. Ta yi baƙi, ta fara wari, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Ranar da aka yi aikin na ja Baba gefe, bayan masallacin asibiti, na faɗa masa abin da na gani a cikin gero. Ya waiga ko akwai mai jinmu.

"Kai ɗai kag gani?"

"Ni kaɗai."

"To shi tsaya gare ka. Uwarku ta yi kuka guda, ba ta yin na biyu."

Bai sake tayar da maganar ba. Amma daga ranar ban ƙara ganin ya ci abinci kwano ɗaya da Kawu ba, kullum sai ya ce ya riga ya ci.

Bayan kaka, da ƙanena ya iya tafiya da sanda, wata Lahadi ya shigo motar farko zuwa Bodinga. Ya ce in raka shi wajen mai shayi. Na ga leda a hammatarsa, na gane kwalin, na ce masa mu fara zuwa gida ya huta. Ya ƙi. Muka iske su sun dawo, ana haki, ruwan leda na ɗiga daga kai. Ya dogara sandarsa, ya buɗe kwalin a gaban kowa, ya miƙa wa Kawu shuɗayen takalman nan da bai taɓa sawa ba ko sau ɗaya.

"Kawu, ni kam Allah bai yi zan yi gudu da ku ba. Kai ka yi gudu domina har Shagari. Ba ni da abin biyanka, ga wanga."

Na zuba wa Kawu ido. Na ce a raina yau dai ko dutse ne sai ya tsage. Ya karɓa. Ya cire nasa, ya zura ƙafa, ya miƙe ya ɗan yi tsalle a kan yatsu.

"Sun ɗan matse," in ji shi, "amma gudu shina buɗa su."

Aka yi tafi. Mai shayi ya haɗa wa ƙanena mai kauri kyauta.

Yanzu duk Mandera ba mai ba da labarin gudun nan kamar ƙanena. Yana zaune a ƙofar gida yana gyaran injin ban-ruwa, sana'ar da ya koya tun da gona ta gagare shi, duk baƙon da ya zo sai ya ji yadda kawunsa ya tashi daga fadama har Shagari ba tsayawa. Minti ashirin ɗin ma ya koma sha biyar, ban san wanda ya rage ba. Na sha buɗe baki in rufe. Idan na faɗa, na raba shi da abu ɗaya da yake jin daɗin tunawa a ranar nan, in bar shi da dungu kawai.

Ƙungiyar tana nan, ta ma ƙaru, har da sababbin riguna. Kullum da safe idan zan tafi makaranta nakan wuce su a bencin, in yi sallama daga nesa in ƙara sauri. Duk lokacin da na je gida kuwa sai ƙanena ya tambaye ni labarin takalman da ya ba Kawu, "Yaya, kana ganinsu a ƙahwatai? Ba su yage ba?" In ce ina ganinsu, ba su yage ba.

Kwanan baya na makara sallar asuba a masallacin bakin titi. Na zo cire takalmi sai na gan su a bakin ƙofa, shuɗaye, an jera su a gefe. Na duƙa na ɗauki ɗaya na kifa. Damina biyu ke nan da aka ba shi su, amma zanen da ke ƙasan takalmin yana nan raɗau, ko gefen dunduniya bai ci ba. Na ajiye shi yadda na same shi, na shiga na bi sahu, Kawu na gabana.